Injin Sharar Hajiya

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki. Yaya ciwon bayan? Yaya su Tanimu da girbin masara?

Ina lafiya a Jidda. Hajiyar da nake wa aiki ta sayo injin shara mara nauyi, a tsaye nake tura shi. Sai dai nan da nan yake cika, cajinsa kuma ba ya kai ni falo na uku. Gidan da girma, amma ina iyawa.

Na so in aiko miki irinsa can gida Kafur, sai na tuna tsakar gidanmu ƙasa ce. Jiya da na kashe shi, ko'ina ya yi tsit. Na tsaya ina jiran in ji kin ce, "Baturiya, kin bar bayan rumbu."

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Baturiya