Kitson Inna Talatu

Lahadi da dare, Birnin Kebbi

Bayan sujada na biya wurin Inna Talatu, tsohuwar da ciwon ƙafa ya hana zuwa coci tun damina. Tuwon shinkafar da na kai mata loma biyu ta yi ta ture. Sai na zaunar da ita in yi mata kitso. Gashin fari fat, kamar auduga, sai zamewa yake daga yatsuna.

Ina cikin tsaga ta lumshe ido ta ce, "Saratu, ɗiyata, mi ya tsai da ke bakin gulbi haka?"

Saratu 'yarta ce, ta rasu a Argungu tun ba a haife ni ba. Na buɗe baki in gyara mata, sai ayar da fasto ya karanta da safe ta faɗo mini, cewa Ubangiji zai goya mu har furfura. Na ce, "Ga ni na dawo, Inna."

Ta yi barci jingine da gwiwata tana murmushi. Ni ma kamar ina jin sanyin gulbin a ƙafata.

Ƙarya na yi, Ubangiji? In ƙarya ce, ka gafarta mini tun yanzu, don Lahadi mai zuwa ma zan amsa.