Garin da Ka Bari Cikin Kwamfuta

Zuwa ga Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya kuma sa albarka a aikinka. Mu nan sai godiya. Gwiwar nan tana nan da halinta. Mahaifiyarka ta tafi wurin yayarka da ta haihu, wata biyu ke nan, kullum sai ta ce mako mai zuwa. Gidan ya yi mini girma, har na koma cin abinci a tsaye a kicin.

Akwai maganar da zan faɗa maka, kuma ban yarda ka yi dariya ba. Ka san kwamfutar da ka raba gida biyu, ɓangarena na rubuce-rubuce, naka na wasanni, in an kunna ta tambayi inda za a shiga. Wata rana na kunna ta na tashi neman tabarau, kafin in dawo ta gaji da jira ta faɗa naka. Nan na ga wasan gina garin nan da na sha yi maka faɗa a kansa. Na buɗe don in ga abin da ya cinye maka shekara uku, sai na tarar mutanen garinka suna kukan ruwa. Haba Injiniya! Ubanka ya yi shekara talatin a hukumar ruwa, ka shimfiɗa bututu kamar wanda bai taɓa ganin famfo ba? Na zauna gyara unguwa ɗaya. Yau wata biyar ke nan, kullum bayan la'asar ina can.

Makon jiya wani saƙo ya fito yana neman a sabunta abu, na danna na yarda. Tun daga nan in na buɗe wasan sai allon ya yi baƙi ƙirin, ina jin hayaniyar garin amma ba na ganin komai. Na sauya wayar da ke haɗa allon, na hure ƙurar fanka, na kashe na kunna har na ji kunyar kaina. Mai gyaran da ke bakin titi ya zo ya duba. Ya ce katin da ke fito da hoto a allo lafiyarsa lau, tunda a ɓangarena yana aiki. Direbansa ne, wato manhajar da ke sarrafa shi, sabon da ya sauka a ɓangarenka bai jitu da wasan ba. Ya gwada sa wasan a nawa ɓangaren, ya buɗe yana tsalle-tsalle, kuma fili ne fetal, babu garinka. Ya ce mayar da tsohon direban aikin minti goma ne, amma sai da kalmar sirrinka. In babu, sai dai a goge ɓangarenka kaf a sake sabo, yadda ya ce ya iya. Na ce ya tattara kayansa tukuna.

Na san rabon da mu yi doguwar magana tun ranar da na ce maka wasan nan ba zai kai ka ko'ina ba. Na faɗa da zafi, kuma na yi kuskure. Gaskiya ina kewarka, a garin nan kaɗai nake ganin yadda kake tunani, har da shirmenka. Ba zan bari a goge shi ba, ko da zai zauna a duhu.

Kawunka yana gaishe ka, haka gwaggonka da Auta. Ka gaida mai ɗakinka da abokin aikin nan naka mai yawan surutu. Kalmar sirrin kuwa, kada ka ba mahaifiyarka ta kawo mini, kada ka turo a rubuce. Ka kira ni ka faɗa da bakinka, harafi bayan harafi. Ka san hannuna da nawa wajen dannawa, za mu daɗe.

Ni ne,
Mahaifinka.