Baba Yana Tambaya, Libarba Ko Fistol

Zuwa ga Yayana Orrin,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Marlys da yara, Ya kuma tsare ka a kan ruwan nan na Alaska da kake shiga ba ka jin maganar kowa. Mu nan Arkansas jiki lafiya. Ruwan sama ya yi mana yawa har gadar ƙasan gona ta nutse, Hoyt kuma har yanzu yana cika baki zai gyara rufin rumfa, ka dai san surukinka da alkawari. Goggo Vesta ta fito daga asibiti, ta koma yi wa kowa faɗa, a nan muka tabbatar ta warke. Na zaɓi in rubuto maka ne don na gwada faɗa maka ta waya na kasa, muryata ba ta kai ni ko'ina.

Maganar Baba ce. Ka san ƙaramar bindigarsa, fistol ɗin nan da ba ta barin aljihunsa na dama tun muna makaranta, da ita yake zuwa coci, da ita yake zuwa sayen abincin kaji. To tun bara ciwon gaɓɓai ya kama masa yatsu, har ya kai ba ya iya jan samanta baya ya ɗana ta sai ya dafa ta a gwiwa yana nishi. Wata safiya muna shan kofi ya ce shi fa zai canza bindiga, amma ya rasa wadda zai ɗauka, ƙaramar libarba ko wata fistol ɗin mai sauƙin ja. Yaya, na yi murna. Tun rasuwar Mama ban ga wani abu ya sa idonsa haske haka ba. Ya kai maganar wurin tsofaffin nan da suke karyawa tare ranar Asabar, aka rabu gida biyu, aka yi ta musu har ƙwai ya huce. Ya dawo yana ba ni labari wai abokinsa Buford ya ce libarba ba ta taɓa cijewa, ka ja kunama kawai ta tashi, shi kuma ya ce masa, "Kai Buford rufe mana baki, harsashi biyar fa take ci, kai da ko bangon rumbu ba ka samu da biyar!" Ya yi ta dariya har da tari.

Ni dai libarba na so masa, kuma ba don hannu kaɗai ba. Ka tuna na ce maka ya bar murhu a kunne, wata rana kuma ya kira ni da sunan Mama, ka ce tsufa ne kowa zai yi. Ni ma haka na gaya wa kaina. Na yi tunanin libarba ba ta da ruɗani, kana buɗe ta za ka ga harsasanta a jere, ba wani wanda ya ɓuya a ciki. Da na faɗa masa sai ya harare ni, wai in bari ya ji, Auta ce yau za ta koya masa bindiga, shi da ya koya wa rabin garin nan. Wai libarba tana kumbura aljihu kamar an cusa dankali, kowa a coci zai san abin da ya ɗauko, ga kunamarta da tauri. Amma ya yarda mu je shagon Lonnie mai sayar da bindigogi ya riƙe kowacce a hannu ya ji.

Ranar da za mu je ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya taje gashi. Lonnie ya tarbe shi da "Malam" kamar kullum, don har gobe bai manta a filin Baba ya koyi harbi ba. Ya ciro libarba ya buɗe ta, ya nuna wa Baba babu komai a ciki, sannan ya miƙa masa ta wajen mariƙi, yadda Baba ya koya mana duka. Baba ya gwada ta a aljihu, ya zauna, ya tashi, ya ce nauyinta ba laifi amma tana tokare masa cinya. Ya ja kunamar, yatsan ya yi rawa kafin ta faɗa. Aka ba shi fistol ɗin, ya ja ta sumul ba wahala, ya dube ni yana ɗaga gira. Sai ya shiga yi wa wasu mata biyu da suka zo sayayya bayani, cewa ita fistol siririya ce tana kwanciya a jiki amma tana son tsabta da kula, ita kuwa libarba ko shekara ta yi a aljihu cikin ƙura za ta amsa. Wallahi Yaya, Babanmu na da ne tsaye a wurin, har na ji kunyar zargin da nake yi masa.

Sai Lonnie ya ce ya kawo tsohuwar ya duba, ko za a yi musaya. Baba ya sa hannu a aljihu ya zaro ta daga kube, ya miƙo ta haka nan a rufe, yatsansa a kan kunama, bakinta yana kallon cikina. Yana murmushi yana cewa ba komai a ciki, ya kwashe tun a gida. Ban iya ko motsi ba. Lonnie ya kama wuyan hannunsa a hankali ya karkatar da shi ƙasa, yana cewa, "Sake mini, Malam, na riƙe." Ya zare gidan harsashin, ga shi a cike. Ya ja saman, harsashi ɗaya ya yi tsalle ya faɗo kan gilashin teburin, ya yi ta gangarawa har ya tsaya a jikin hannun Baba. Matan nan suka sulale suka fita.

Baba ya daɗe yana kallon harsashin. Da farko ya tambaya wa ya sa wannan a ciki. Sannan ya dube ni, ya dubi daidai inda bakin bindigar ya nuna, na ga fuskarsa ta zube. Kai ka fi kowa sanin dokarsa, tunda kai ma ya taɓa koro ka daga farautar barewa kana kuka: duk wanda ya miƙa bindiga bai buɗe ta ba, ko ɗan wane ne, ranar ya gama, gida zai tafi. Ya ce da Lonnie, "Yaro, me nake yi wa wanda ya yi abin da na yi yanzu?" Lonnie ya sunkuyar da kai, ƙato da shi yana share ido, ya ce gida kake korarsa, Malam. Baba ya gyaɗa kai, ya ture bindigar zuwa gaban Lonnie da bayan hannu, ya ce, "To Auta, kai ni gida."

Muka shiga mota har muka wuce gadar. Ya ciro makullin akwatin bindigoginsa ya sa mini a cinya. Ya ce in yi masa alkawari, ko gobe ya roƙe ni, ko ya zage ni, ko ya ce ni ba 'yarsa ba ce, kada in ba shi. Na yi masa alkawarin, na tsaya a gefen hanya na yi kuka, shi ne ma yake bubbuga mini baya. Washegari Hoyt ya kwashe bindigogin ya kai gidanmu, likita kuma ya faɗi sunan ciwon da muke ta gudun faɗa, ciwon mantuwa ne, kuma gaba yake yi.

Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne, Baba ya manta da ranar nan gaba ɗaya. Kullum da safe yana sa kuben a aljihu, fanko, ya dafa shi, sannan ya tambaye ni yaushe za mu je wurin Lonnie ya zaɓa. Sau ɗaya na gaya masa gaskiya, ya sake jin abin kamar yanzu ya faru, ya wuni bai ci abinci ba yana ba ni haƙuri. Ban ƙara ba, kuma ba zan ƙara ba. Yanzu ce masa nake yi sai an kwana biyu, wani lokaci ya yarda, wani lokaci ya ce na sace masa kaya, ni da mijina ɓarayi ne. Ina riƙe da alkawarin da na yi wa mutumin da ya san abin da yake faɗa, amma Yaya na gaji, ni kaɗai nake shan wannan kallon.

Jiya ya ce tunda ni ban san komai ba, Orrin zai tambaya. Don haka idan ka kira ranar Lahadi zai tambaye ka, libarba ko fistol. Don Allah kada ka zaɓar masa, kada kuma ka tuna masa. Ce masa ya jira ka, sai ka zo za ku je tare. Idan kuwa ka faɗa, to ka zo ɗin da gaske, kada ka jira a rufe kamun kifi, don har yanzu yana gane muryarka, ni kuwa ba zan iya ce maka har zuwa yaushe ba.

Ka gaida Marlys da kyau, ka ce na gode da barguna. Ka shafa mini kan Tobin da Junia. Hoyt da Goggo Vesta suna gaishe ku, Lonnie ma ya ce in gaishe ka. Baba yana zaune a baranda yanzu haka, ya ga ina rubutu ya ce in gaya maka ka yi sauri, kada wani ya riga shi sayen mai kyaun.

Ƙanwarka mai kewarka,
Twila