Littafinka da Na Ƙi Mayarwa

Mubi, Talata da hantsi

Zuwa ga Ya Hamman, sanyin idona, inuwar tsamiyata a tsakar rana, ruwan kogi mai daɗi bayan doguwar tafiya,

Kafin gaisuwa ma sai na tona wa kaina asiri. Na yi maka ƙarya. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko ƙanwarka Hapsatu da muke zama benci ɗaya a aji. Littafin nan marar bango da ka ara mini, cikin kwana biyu na gama shi. Kwana biyu, wallahi! Amma wata shida ke nan, duk ranar da ka tambaye ni ko na gama, sai in sunkuyar da kai in ce saura kaɗan. Sau tara na karanta shi. Na ƙi mayar maka ne don na san ranar da ya koma hannunka, ba ka da sauran dalilin tsayar da ni a hanya, ni kuwa ba ni da bakin da zan tsayar da kai.

Ka tuna ranar? Ruwan farko na bana ne ya tare mu bayan an tashi makaranta, muka fake a barandar wani shago kusa da gada. Ƙasa tana ta ƙamshi, duwatsu sun ɓuya cikin hadari, ni ina kallon yatsun ƙafata kamar yau na fara ganinsu. Sai ka zaro littafin daga cikin rigarka, naɗe a leda, ka ce labarin wata yarinya ne mai shiru irina. Ko na gode ban iya cewa ba. Ya hasken safiyata, ka san tun daga ranar ruwa bai sake sauka a Mubi ba face na ji muryarka a cikinsa?

Yarinyar littafin ta bar ƙauyensu ita kaɗai, ta hau mota ta hau jirgin ƙasa tana neman dangin mahaifiyarta, ta tafi ba ta iya ɗaga ido, ta dawo tana magana a gaban manya. Kai, na yi kishinta! Ni da ban taɓa wuce garin Uba ba, in ina surfe sai in ga kaina a tashar wani gari mai nisa, riƙe da jaka, kana gefena. Na yi ta roƙon Allah ya ba ni tafiya. To ga tafiyar ta zo, kuma ba irin wadda na roƙa ba ce.

Tun jiya mutane ke shigowa daga wajen Uba da kaya a ka, wasu ba ko takalmi. Ƙarar bindigogin da muke ji can nesa yau ta matso, har kwanonin Inna suna motsi a kan kanta. Baba ya samo mana wuri a bayan wata babbar mota, za mu tafi Yola da an yi la'asar. Hapsatu ta leƙo da sassafe ta ce ku ma yau za ku kora shanu daga Wuro Patuji ku nufi Maiha, wataƙila har ku tsallaka Kamaru. Mu ta kwalta, ku ta daji. Ba ni da waya, kai ma taka ba ta shiga. In rana ta faɗi ban yi magana ba, ina zan gan ka? Wa zan tambaya? Da wane suna zan ce ina nemanka?

Yanzu haka Inna tana tsakar gida tana ƙona takardunmu. An ce in 'yan bindigar nan suka tare mota suka ga takardar boko a jikin yaro ko yarinya, sauke shi suke yi. Kayan makarantata sun shiga wuta, da littattafan rubutuna, da sakamakon jarrabawar da na zo ta uku. Inna tana turawa da muciya tana kuka, ta ce hayaƙi ne. Sai ta tambaye ni ko akwai saura. Nan ma na yi ƙarya. Littafinka na cusa shi a gwangwanin madara, na tona rami a gindin gwaibarmu na binne. Yana nan yana jiranmu, in gidan ya jira.

Ga abin da ke cin raina, ya ƙamshin dawa mai nuna, ya tauraron da nake gani ko da rana. Wannan wasiƙar ma takardar boko ce. Biyu na rubuta na yaga na jefa a wutar Inna. In aka tare ku a daji aka same ta a aljihunka fa? Ni da ke jin ciwo in ƙaya ta soke ka, ni ce zan ɗora maka abin da zai sa a ware ka daga cikin 'yan'uwanka? In kuma na yi shiru, na tafi da maganar nan a ciki kamar garwashi a cikin auduga, wace rana za ta daina cina? Na auna, na sake aunawa, kaina har ya yi zafi.

Don haka ina roƙonka, don Allah, don darajar iyayenka: kada ka ajiye ta. Kada ka ce za ka riƙe don tunawa. Ka karanta a tsaye, ka haddace abu ɗaya, sannan ka ƙona ta kafin shanunku su wuce gada. Abin da za ka haddace shi ne wannan: za mu sauka wajen Goggo Margret, ƙanwar Baba, mai ɗinki a bayan babbar kasuwar Jimeta, shago mai koriyar ƙofa. In ka tambaya ka ce Maman Divine, da shi aka san ta. Maimaita sau uku, Ya Hamman. Koriyar ƙofa. Maman Divine.

Na san mai yiwuwa duk wannan a kaina kaɗai yake. Wataƙila littafinka kawai kake so, ni ce na gina gari guda a kan tambaya ɗaya. In haka ne, kada ka yi mini dariya, kuma kada Hapsatu ta ji. Ka ƙona ka tafi, Allah ya tsare hanya. Amma in akwai ko ɗigo ɗaya a zuciyarka irin kogin da ke tawa, to ka sani zan zauna a bakin shagon nan ina koyon ɗinki ina kallon titi, damina da rani, har ranar da zan ga doguwar inuwarka. Ko shekara nawa ne. Ban san komai game da gobe ba, amma wannan na sani.

Ga Inna tana kira. Ta ce in kai makullin gidanmu wa Baba Mato, tsohon maƙwabcinmu da ya rantse ba inda za shi. Ƙofarsa tana kan hanyar da shanunku za su bi. Da farko na yi niyyar in ba Hapsatu wasiƙar nan ta miƙa maka, in gudu. Na fasa. Zan tsaya a bakin hanya da makulli a hannu ɗaya, takardar nan a ɗayan, ko da babanka yana wajen. Zan kira sunanka da ƙarfi. Yau zan ɗaga ido in kalle ka.

Taka, a Mubi ko a Yola ko inda mota ta sauke ni, har iyakar numfashina,

Hanatu