Na Ƙarar da Kan Sarkinki a Ambulan Ɗaya

Ya sanyin idona, inuwata da tsakar rana, ruwan randa ga wanda ya sha tafiya,

Kada ki yi dariya in kin ga ambulan ɗin nan. Na san ya yi kama da rigar da ta sha faci: kan sarki gaba, kan sarki baya, da ƙyar na bar wa sunanki wuri.

Kin gane su? Naki ne. Ranar da aka yi miki canjin wurin aiki za ki koma gidan Yayanki, a bakin tasha kika zaro su daga jaka, masu hoton tsuntsun nan, kika ce in riƙa manna ɗaya-ɗaya, kafin su ƙare kin dawo. Na manna, na aika, na kasa kunne. Shiru, kamar an aiki bawa garinsu! Kullum sai in lallashi zuciyata: ai mukullin akwatin gidan waya yana hannun Yaya, shi kuwa ko inuwata ba ya son gani.

Yau haƙurina ya ƙare. Na je gidan waya na tambayi matar da ke bayan kanta ko akwai yadda wasiƙa za ta tsallake akwati. Ta ce akwai rajista, akwai ta gaggawa, akwai wadda ba a miƙa wa kowa sai mai sunan, ya sa hannu a kati, katin ya dawo mini. Kuma kan sarki na yau da kullum ma yana biya, in dai ya kai. Na zaɓi mai katin, na zazzage sauran kan sarkin duka. Na yi ta lasa har harshena ya yi ɗaci, na bayana a layi suna tsaki. Wallahi na ƙarshen ne ya cike kuɗin.

Sai da ta buga hatimi na gane abin da na yi wa kaina, na roƙe ta ta bari in sake rubuta wasiƙar kafin a liƙe ambulan ɗin. Wayyo, hasken raina! In katin ya dawo da rubutun hannunki, wa kuma zan ɗora wa laifi? Yaya ya fita daga zargi. Duk shirun da zai biyo baya naki ne, kuma ina tsoronsa fiye da mutuwa.

Ki amsa, don Allah, ko da layi ɗaya ne, ko da zagi ne. Kin ce kafin su ƙare kin dawo. To, farin watana, sun ƙare.

Naki, ko kin rubuto ko ba ki rubuto ba,
mai jiran kati a bakin ƙofa.