Agwagi a Kududdufinka

Zuwa ga Baban yara,

Gaisuwa mai yawa. Ya aikin gini, ya ƙafar taka? Mu nan lafiya lau, Inna na gaishe ka. Sai dai Goshi, saniyar nan taka mai ciki, ta tayar min da hankali. Ta rame, ƙasan haɓarta ya kumbura, ga zawo. Sau biyu ina ɗura mata maganin tsutsar da ka bari, ko gezau.

Jiya likitan dabbobi ya duba jininta da kashinta. Ashe ciwo uku ne suka taru mata: tsutsar ciki, cutar da kaska ke sawa a jini, da tsutsar hanta. Ya yi mata allura, ya ba da magani, muka wanke garken duka saboda kaska. Ya ce in ta sake kwasar tsutsar hantar, da wuya cikin ya tsaya.

To, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. A kududdufinka take kwasowa, wanda ka yi wata biyu kana haƙawa don in huta da jan guga. Likita ya tsuguna a bakinsa, ya nuna min ƙananan dodon koɗi maƙil a cikin ciyawa. Su ke rainon tsutsar. Wallahi sai da na ji kunya a madadinka.

Taka har kullum,
Uwar yara

Zuwa ga Baban yara,

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso. Albishirinka! Goshi ta haihu shekaranjiya, maraƙa ja mai farin goshi irin na uwarta, ga tsotso kamar an aiko ta. Inna ta ce mai ci haka, kai ta biyo.

Ka ce in sa a cike kududdufin, wai ba ka son sake ganinsa. Ban cike ba, kuma ba zan cike ba. Shinge na kewaye shi da shi, na zuba agwagi shida, suna ta wawurar dodon koɗi ba dare ba rana. Shanu kuwa sun koma shan ruwan rijiya a kwami. E, na koma jan guga, bayana yana ɗan ƙorafi, amma raina fes.

Da yamma nakan zauna a bakinsa ina kallon agwagi. Har yanzu ana ganin sawun digarka a gefen gabas, inda ka fasa dutse tafin hannunka ya yi kanta. Saboda ni aka haƙa ramin nan, Maigida. Babu mai zuba masa ƙasa ina raye.

Taka,
Uwar yara