Ƙwan da Ya Kai Baba Bakin Kogi

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya. Ya maigida da yara, ya sanyin Jos? Mu nan Haɗejiya lafiya lau, alhamdulillahi.

Albishirinki, Baba ya fara fita, bayan ya daɗe yana ƙin tattakin da likita ya ce ya riƙa yi. Akwai wasan kiwon dodanni da nake yi a waya, wanda ƙwansu ba ya ƙyanƙyashewa sai an yi tafiya da wayar. Da na ce ɗinki ya hana ni fita, sai ya ce, "Kawo nan, ba a barin ƙwai ya huce." Ya sa wayar a aljihu, ya ɗauki sandarsa. Da farko iyakarsa masallaci, shekaranjiya kuwa har bakin kogi ya kai, wurin abokansa masunta. A can ƙwan ya ƙyanƙyashe. Ya dawo yana dariya, wai dodon da ya fito tarwaɗa ce mai fukafukai. Yanzu yana so in haɗa ta da wani dodon ta saka sabon ƙwai.

Ki ci gaba da yi masa addu'a, ki gaida kowa. Idan kin kira lambata da safe, shi zai ɗauka.

Ƙanwarki,
Binta